Babban Yatsan Tanimu

Lemata tana Mil Goma Sha Biyu,
tsakanin masu tattasai da kwatar da ba ta ƙafewa.
Na'urar cirar kuɗi a cinya, littafi a ƙarƙashin dutse.
Ni ce bankin wannan layi,
bankin da ruwan Ikko ke duka.

Kafin assalatu motocin Arewa sun iso,
Tanimu ya sauke kwando arba'in shi kaɗai.
Shekara goma sha tara igiya na cin hannunsa
har ta cinye zanen da Allah ya yi masa a yatsa.
Sau uku yana zuwa banki.
Ya ɗora yatsa a gilashi, gilashi ya ce bai san shi ba.
Suka ce to, ya kawo takardar wuta.
Mutumin da ke kwana a rumfar albasa!
Wutar da ya sani ita ce ta mai shayi.

Shi ya sa kuɗinsa ke kwana a asusuna,
ni kuma nake kwana ido biyu.
In mota ta kwashe ni gobe a titin Ikorodu,
wa zai shaida dubu tamanin ɗin nan guminsa ne?

Ga Iya Risika mai tumatir.
Dubu goma ta ranta a waya, danna nan, danna can,
ba wanda ya karanta mata ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa.
Kwana bakwai, goma ta haifi shida.
Ran na takwas hotonta ya shiga wayar surukinta,
ya shiga ta limaminsu, ya shiga ta malamin ɗanta,
da "ɓarauniya" a rubuce a goshi.
Mako biyu ba ta leƙo kasuwa ba.
Tumatir ba ya jiran mai kunya.
Na ce mu je ofishinsu. Wane ofis?
Lamba ce mai kira, in ka kira ba ta shiga.

Ku da ke tsibiri, can hawa na sama,
na ji an ce doka kuke rubutawa a kanmu.
Madalla. Ba ni da gaba da doka.
Sai da aka daidaita mudu
aka daina dambe a bakin buhu.
Amma kafin biro ya taɓa takarda
ku ƙetaro gada, ku zo da takalmin da ba ku so.
Zan ba ku benci.
Ku zauna har kuɗi ya fita daga asusun wata
bai iso hannuna ba,
a ce mata ta jira kwana biyar na aiki.
Ku faɗa mata da bakinku. Yunwa ba ta san ranar aiki ba.

Ku sa mai ba da bashi ya yi ƙofa,
ƙofa ta gaske, wadda ake ƙwanƙwasawa.
Ya faɗi ruwan kuɗinsa da Hausa, da Yarbanci, da babbar murya.
Ya cire hannunsa daga lambobin mutane.

Sai dai ku yi hattara da shingen:
wanda aka kafa don kura
kada ya hana akuya zuwa rafi.
In kun ce sai mai bene zai yi wannan sana'a,
lemata za ku naɗe,
kura kuwa ta sake suna ta dawo.

Magariba ta yi. Ga Tanimu nan,
ya miƙo dubu biyu masu warin albasa.
Na shafa masa tawadar biro a yatsa,
ya dangwala a littafina.
Ɗigo ne kawai, sumul, ba layi ko ɗaya.
Ni dai na gane shi.